Tsakiyar Sahu

Abin ya yi mini wuya, ba zan ɓoye ba. Mutane sun fi son su ji na ce na karɓi ƙaddara da hannu biyu tun ranar farko. Ban karɓa ba. Na yi fushi, na yi ƙunci, kuma akwai lokacin da na daina zuwa masallaci ɗungurungum, ni da ko jifa aka yi daga ƙofar gidanmu sai ya wuce masallacin.

Rashin ji da shi na tashi. A Agege aka haife ni, mahaifina ɗan goro ne, kuma tun ina ƙarami sai an ɗaga murya kusa da kunnena na hagu kafin in gane abin da ake cewa. Boko ban yi nisa ba, don malami yana magana ne yana fuskantar bango, ni kuwa bakin mutum nake kallo in tsinci magana. Makarantar allo na fi daɗewa, a nan malam kusa da kai yake zama. Kurma ake kirana a unguwa, sunan ya bi ni har rumfar goro, ban taɓa jin haushinsa ba. Aikina zaɓen goro ne, a ware mai sankara, a jera mai kyau cikin ganye, a ɗaure huhu. Wannan aiki bai damu da kunne ba, na yi aure da shi, na ciyar da yara da shi.

Ido ne ya ci amanata. Tun ina saurayi da rana ta faɗi sai in fara lalube. Aka ce dundumi ne, aka yi ta ba ni gasasshiyar hanta, na ci har na gaji, bai tafi ba. Na saba da shi, in magariba ta yi ba na nisa da gida. Sai da na fara furfura na lura ko da rana ma gefe da gefe yana rufewa. Abin da ke gabana sak ina ganinsa tarwai, har zare ina iya zurawa a allura. Amma abin da ke dama, ko hagu, ko ƙasa, babu shi. Kamar mutum yana leƙen duniya ta cikin bututun famfo, kuma kowace shekara bututun yana ƙara tsukewa. Okada sai ta goge ni nake sanin ta zo. Kwatar layinmu kuwa babu inda ban faɗa ba a cikinta.

Kuma in ka kalli idon, lafiyarsa ƙalau, ba ja, ba yana, ba komai. Wannan shi ya ja mini. Mutum zai tsaya gabana yana gaishe ni, ya miƙo hannu. Ni bakinsa nake kallo don in gane gaisuwar, hannun yana ƙasa, inda ba na gani. Zai riƙe shi a iska har ya gaji ya mayar aljihu, ni ban san an yi ba. A wurinmu ka san abin da wannan ke nufi. Aka fara cewa Kurma ya yi girman kai.

Ban faɗa wa kowa ba. Na riga na zama kurman unguwa, ban shirya zama makahonta ba kuma. Ga tsoron kada maigidan rumfa ya ji ya ce in zauna a gida.

Salla ita ce ta fi ci mini rai. Tun asali ba kabbarar liman nake bi ba, ba na jin ta sosai ko da lasifika. Da gefen ido nake salla. Idona na kan wurin sujada, gefe yana nuna mini sahu ya sunkuya, in sunkuya, ya ɗago, in ɗago. Da gefen ya tafi sai na zama kamar wanda aka ajiye shi kaɗai a daji. Dabarar da na yi ita ce na koma ƙarshen sahun baya, can bakin ƙofa kusa da takalma, inda in na yi kuskure ba mai gani. Ina salla ina satar ɗaga kai kamar ɓarawo.

Wata magariba muna cikin raka'a ta uku aka ɗauke wuta. Fitila ta mutu, lasifika ta mutu, ni kuma na rasa komai a lokaci guda. Ina cikin sujada. Na jira in ji wani motsi, ban ji ba. Na ce bari in ƙara jira, kada in riga liman. Goshina na ƙasa, gwiwoyina suka fara zafi, ina ta tasbihi ina maimaitawa. Da na gaji na ɗago, sai hasken wayar wani ya haske mini fuska. Ashe an sallame tuni, an yi addu'a, mutane suna tsallake ni suna neman takalmansu. Na ga haƙoran wani yana dariya.

Abin da aka faɗa a wurin ban ji ba. Maiɗakina ce ta ji, a bakin famfon gidan hayarmu, daga bakin matan maƙwabta. Ta shigo ɗaki ta tsaya inda hasken taga ke dukan fuskarta, don ta san sai haka nake gane maganarta.

"Malam, wai cewa ake kana shan wani abu."

"Wane abu?"

"Irin na yaran tasha. Wai shi ya sa kake tangaɗi kana faɗawa kwata, kake barci a sujada."

Ni da ko taba ban taɓa sa wa a bakina ba. Daga ranar na shimfiɗa buzuna a ɗaki. Ina ganin mutane ta taga suna wucewa masallaci, ni ina kabbara tsakanin gado da buhun garin kwaki. Azumi ya zo ya wuce haka, ban yi asham ko ɗaya cikin jama'a ba. Sallar Juma'a ma in na je, nesa nake zuwa inda ba a san ni ba, in tsaya a titi cikin rana.

Maiɗakina ce ta matsa sai da muka je asibitin ido. Likitan ya sa ni cikin na'urori, ya yi tambayoyi a kan kunnena, ya tambayi ko akwai mai irin wannan a danginmu. Na tuna wata gwaggona a Arewa da aka ce ta kurumce ta makance. Ya ce ciwon gado ne, a jini yake, kunne da ido yake kamawa tare, sunansa Usher. Na ce magani fa? Ya ce wanda zai dawo da abin da ya tafi babu shi tukuna, sai dai a koyi zama da shi. Na tashi na fita tun bai gama ba. Wata nas ce ta tsayar da maiɗakina a baranda ta gaya mata akwai masu irin wannan lalura da suke haɗuwa ranar Asabar a Ebute Metta.

Na ce ba za ni ba. "Me zan je in yi? Kurame da makafi mu taru mu yi ta kallon juna?"

"Ai da kuna iya kallon juna da ba a tara ku ba," in ji ta.

Ta yi ta maganar har damina ta wuce. Ranar da na yarda ba don na gamsu ba ne, gajiya na yi da bakinta.

Ta sa hijabinta ruwan ɗorawa, wanda ta saya musamman don in riƙa hango ta cikin mutane. Haka muke tafiya, tana gaba ina bin launin, don ban iya riƙe hannun mace a titi ba. Muka shiga motar haya danfo zuwa Oshodi, muka sake wata. Kwandasta ya yi ta yi mini ihu ta gefen da ba na ji, ita ta amsa masa da Yarabanci har ya yi shiru.

Aji ne na wata makarantar firamare a bayan layin dogo. Mutanen ba su da yawa, Yarbawa, Ibo, da wata mata daga wajen Jos. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne hannaye. Kowa hannunsa na cikin hannun wani, yatsu suna ta motsi, can sai ka ga mutum biyu sun fashe da dariya ba wanda ya buɗe baki. Shugabarsu wata Bayarabiya ce mai sanda da tabarau mai kauri, Mama suke ce mata. Ta matso daf da kunnena ta yi mini sannu da zuwa, ta ce akwai ɗan'uwana a nan, ya daɗe yana neman wanda zai yi wa surutu da Hausa.

Wani tsoho ne a kan benci kusa da taga, da farar hula da sanda tsakanin gwiwoyinsa. Tela ne a Sabo Yaba kafin ido ya hana shi. Nasa ya riga ya gama tafiya, ido da kunne duka, amma bakinsa na nan, kuma da yake ba ya jin kansa, da ƙarfi yake magana kamar mai kiran wani a tsallaken titi. Wannan ya yi mini daidai. Mama ta ɗora hannuna a nasa. Ya shafa tafin, ya murza yatsun, ya kai hancinsa.

"Goro! Wannan ɗan goro ne. Ka zo mana da tsaraba ko hannu rabbana ka zo?"

Na fara ba shi amsa da baki. Ya ji motsin jikina ya yi dariya.

"Kada ka wahalar da kanka, ɗan goro, rediyon nan magana kawai yake, ba ya kamawa. In e ne, ka ƙwanƙwasa mini tafi. In a'a ne, ka shafa. In magana ce mai tsawo ka rubuta da yatsa. Ka yi allo?"

Na ƙwanƙwasa.

"Alhamdu lillahi! Ka rubuta mini da ajami. Waɗannan boko suke zana mini, kafin in haɗa kalma ɗaya shayi ya huce."

Akwai goro a aljihuna, na sa masa a hannu. Ya ɓare ya jefa a baki, sannan ya fara yi mini tambayoyi, yana riƙe da hannuna.

"Ka fara faɗawa kwata?"

Na ƙwanƙwasa.

"An ce ka yi girman kai, ba ka karɓar hannu?"

Na ƙwanƙwasa.

"An ce kana shaye-shaye?"

Nan ma na ƙwanƙwasa.

"Ni aljanu aka ce sun shafe ni. Har hayaƙi aka yi mini, na kusa mutuwa da tari."

Ya yi ta dariya. Tunda abin nan ya same ni ba a taɓa gaya mini damuwata tun ban faɗa ba sai ranar.

"To a masallaci ina kake tsayawa?"

Na juya tafinsa na rubuta: ɗaki.

Ya daina tauna goron. "Kafin ɗakin fa? Bari in gaya maka. Sahun baya, can ƙarshe, wajen takalma."

Na ƙwanƙwasa.

"Duk haka muke yi. Wauta ce, amma ba wanda bai yi ta ba a cikinmu."

Ya shiga ba ni labarin yadda ake ɗinkin babbar riga a da, da yadda telolin yanzu suka lalata wuyan kaftani. Da rana ta take Mama ta zo ta taɓa masa kafaɗa ta wata hanya da suka saba, ya miƙe.

"Azahar ta yi. Kai kana da sauran ido da rana, ni na san hanya. Mu biyu mun haɗa mutum ɗaya. Tashi."

Na shafa tafinsa, a'a. Ya yi kamar bai ji shafar ba, ya dafa kafaɗata ya tura ni gaba.

Ƙaramin masallaci ne na kwano a bayan katangar makarantar, na makanikai da masu aikin layin dogo. Sun san shi, suna ta taɓa hannunsa yana kiran kowa da sana'arsa. Muka yi alwala. Da muka shiga ƙafata da kanta ta nufi baya. Ya ja ni da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba.

"Ina za ka? Gefe na masu ido ne. Mu namu tsakiya ne, inda ake matsi."

Ya kai ni sahun farko. Kafin a tada iƙama ya yi mini bayani, duk masallacin na ji. Kafaɗarka ta manne da ta na kusa da kai. Ƙafarka ta taɓa tasa. In ya sunkuya kafaɗar za ta gaya maka. A sujada ka bar gwiwar hannunka tana gogar tasa, da ya motsa ka sani. Kada ka riga shi, kada ka bari ya yi maka nisa.

A masallacin da mahaifina ya raine mu ba a haɗa ƙafa. Samarin da ke bin mutum da yatsa suna take masa ƙafa a sahu haushi suke ba ni, kullum janye tawa nake. Ranar wani ƙaton makanike mai warin baƙin mai ya tsaya a damana ya danna ƙafarsa a tawa, na bar ta a wurin.

Sai da aka kusa kabbara na juya kaina gaba ɗaya na duba hagu. Tsohon na manne da ni, a hagunsa kuwa ginshiƙi ne na katako. Ba kowa a ɗaya gefen nasa. Ni kaɗai yake da shi. In na ɓata, ya ɓata.

Na so in ja shi mu canja wuri, sai na ji kafaɗar makaniken ta ɗaga, an yi kabbara. Na ɗaga hannu, na ji tsohon ya ɗaga nasa.

Ban taɓa salla da hankalina wuri ɗaya irin wannan ba. Tsayuwar ta yi tsawo, na ji kamar in saci kallo, na hana kaina. Can kafaɗar dama ta zame ƙasa, na bi ta, ta hagu ta biyo ni. Ta ɗago, muka ɗago. Da muka kai goshi ƙasa na tuna a nan aka bar ni wancan karon. Na buɗe gwiwar hannuna kaɗan har ta sami ta makaniken. Tasbihi uku, huɗu, sai na ji ta janye. Na ɗago. Tsohon ya ɗago tare da ni kamar an ɗaure mu da igiya. Haka har raka'a huɗu. Da aka zauna tahiya cinya na gogar cinya, na ji juyawar jikin makaniken ta sallama, na sallame.

Na zauna ina kallon tabarma. Tsohon ya lalubo hannuna.

"Ka ga yau kai ka ja ni salla."

Na rubuta masa: da na ɓata fa?

"Da mun ɓata tare, Allah ya san da zamanmu. Amma ba ka ɓata ba." Ya matse hannun. "Saura abu ɗaya, shi ne mai wuyar. A masallacinku sai ka gaya wa mutum. Ba duka unguwa ba, mutum ɗaya, wanda ba ya makara. Kuma daga yau kai za ka riƙa fara miƙa hannu. Ka miƙa tun daga nesa, ko bango ne a gabanka. Gara a ce Kurma ya cika gaisuwa."

Har yanzu ina zuwa wurin nan ranar Asabar in jiki ya yarda. Idon bai fasa rufewa ba, bututun ya fi na da tsukewa, kuma akwai ranakun da nake tashi ba na son magana da kowa. Mama tana koya mini maganar hannu don ranar da zan buƙace ta, ina koyo a hankali, kaina ba na yaro ba ne. Ba wanda ya warkar da ni a ajin nan. Amma ranar farkon ita nake ba da labari.

Mun dawo Agege rana ta yi sanyi amma da sauran haske. Na ce wa maiɗakina ta wuce gida. Ta dube ni, ta wuce.

Ladanin masallacinmu sa'ana ne, tare muka yi allo. Yana da tebur a gindin katangar masallaci inda yake sayar da turare da carbi da asuwaki. Na daɗe ina zagaye layin don kada in bi ta gabansa. Ranar na nufe shi kai tsaye, hannuna a miƙe tun daga bakin kwalbati, kamar mai roƙo. Na ji ya kama.

"A'a, Kurma! Yau kai ne da hannu?"

Na zauna a bencinsa na gaya masa. Ban iya jera magana ba, na faɗe ta yadda ta zo, dundumin, bututun, likitan, magaribar nan. Yana kallona, ina kallon bakinsa. Sai na ga bakin ya tsaya.

"Yanzu ba ka ga abin da nake yi ba?"

"Me kake yi?"

Ashe hannu yake kaɗawa daf da kunnena. Ya sauke shi a hankali ya kawo gaban fuskata.

"Inna lillahi. Ni kaina na miƙa maka hannu ka bar ni da shi, na tafi gida ina cewa me na yi wa mutumin nan. Haba Kurma! Ka bar mu muna ta ɗaukar alhakinka?"

Na ce ba wannan ya kawo ni ba. Kafaɗa nake nema a sahu, ta wanda ba ya makara, kuma a tsakiya.

"To ai ni a bayan liman nake tsayawa, tsakiyar ke nan. Makara kuwa, in na makara duk unguwa ta makara." Ya dube ni. "Da asuba fa? Ka ce ba ka gani in ba rana."

Na ce asuba sai dai a ɗaki.

"Ta ƙofarku nake wucewa," in ji shi.

Washegari maiɗakina ta girgiza mini ƙafa, ta kama hannuna ta nuna mini wajen ƙofa, alamar ana bugawa. Na yi alwala a bakin famfo, na sa riga. Ban ga ladan ba, kafaɗarsa kawai na samu, na dafa. Ya bi da ni gefen kwata, in an zo tsallakawa sai ya ɗan tsaya. A masallaci ya zaunar da ni a sahun farko ya je ya yi kiran salla, ina jin rurin lasifikar a ƙirjina. Mutane suka fara shigowa, tabarma tana motsi. Da aka tashi ya ja hannun rigata na tsaya a damansa. Wani ya cike ɗaya gefen, ban san ko wane ne ba, ƙafarsa da sanyin ruwan alwala. Na matsa tawa ta taɓa tasa. Muka yi raka'a biyu. Da aka sallame na miƙa hannu dama, aka kama, na miƙa hagu, aka kama. Na zauna a wurin har gari ya waye sosai na fara ganin ƙofa, sannan na ɗauki takalmana na tafi rumfa.